Nazarin Lamari: Kazar da Ta Bushe Alhali Tana Kwance Cikin Romo a Tukunyar Yumɓu

An ba ƙanwata kyautar tukunyar gashi ta yumɓu, irin mai dogon ciki da murfi mai zurfi wadda ake sakawa a tanderun lantarki ko na gas, kuma a ranar farko da ta gasa kaza a cikinta abubuwa uku suka lalace mata lokaci guda. Fatar kazar ta fito fara sol, ta yi laushi kamar an dafa ta a ruwa. Naman ƙirjin ya bushe yana tsinkewa zare-zare, har sai an kora da ruwa kafin ya wuce maƙogwaro. Tukunyar kuma ta tsage daga gindi minti kaɗan bayan an fito da ita. Da ta kira ni, abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne na biyun, domin kuwa ta ce: "Yaya, kazar nan fa a cikin romo na same ta tsamo-tsamo, romon ya kai rabin cinya, to ta yaya naman da ke kwance cikin ruwa zai bushe?" Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma a kanta aka gina yawancin wannan nazari, saboda da yawa daga masu sayen irin wannan tukunya suna ɗauka cewa tururin da ke cikinta ya ba su lasisin mantawa da agogo.

Tukunyar da ake magana a kanta yumɓu ne da aka gasa a zafin da bai kai ya narkar da shi ya toshe ƙofofinsa ba, don haka jikinta cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda ke shan ruwa kamar soso. Dafa abinci a tukunyar ƙasa tsohon abu ne a kusan ko'ina a duniya, amma wannan samfuri mai murfi da aka yi domin tanderun zamani ya shahara ne da sunan Römertopf, wato tukunyar Romawa, wadda aka fara sayarwa a Jamus a 1967. Ƙa'idar aikinta a taƙaice take: a jiƙa gindi da murfi a ruwa na kimanin minti 15, a saka abinci, a rufe, a ɗora a tanderun da ba a kunna ba, sannan a kunna. Yayin da tanderun ke ɗaukar zafi, ruwan da yumɓun ya sha yana fita a matsayin tururi, wani ya shiga ciki ya lulluɓe abincin, wani ya fita waje ta jikin tukunyar.

Abin da aka yi a ranar farko

Na zauna da ita muka bi aikin daki-daki, kuma dole in faɗa cewa rabin farko na abin da ta yi babu kuskure a cikinsa. Kazar tana da nauyin kilo 1.6. Ta jiƙa tukunyar da murfinta yadda takardar da ke cikin kwalin ta ce, ta saka ta a tanderu mai sanyi, ta saita shi a digiri 200 na ma'aunin Salshiyos. Inda hanya ta fara karkacewa shi ne wajen abin da ta zuba a ciki. Ta yanka manyan albasa huɗu da karas da dankali ta cika gefen kazar har saman cinyoyi, sannan, da yake ta saba da tukunyar ƙarfe wadda abinci ke kamawa a gindinta idan babu ruwa, ta ƙara kofi ɗaya na ruwa. Ita kanta kazar an wanke ta ne a famfo aka saka ta da danshinta, aka barbaɗa gishiri a kan jiƙaƙƙiyar fata.

Bayan awa ɗaya da kwata ta ɗaga murfi ta leƙa, ta ga fatar ba ta yi ja ba, sai ta yanke hukuncin cewa kazar ba ta nuna ba, ta mayar da murfi. Bayan minti 30 ta sake leƙawa, ta tarar da fatar yadda ta bar ta, ta sake rufewa. A leƙawa ta uku, bayan awa biyu da kwata, ta haƙura ta fito da tukunyar ta ɗora a kan dutsen teburin kicin, wanda ta goge da jiƙaƙƙen tsumma ba da jimawa ba. Ta ce ba ta kai ga ɗauko wuƙa ba ta ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an karya tsinken ashana, sai ga romo yana tsattsafowa ta ƙasa.

Dalilin da fatar ta ƙi yin ja

Jan da fatar kaza ke yi a wuta da ƙamshin da ke biyo shi suna fitowa ne daga haɗuwar sinadaran furotin da na sukari idan zafi ya yi yawa, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912 kuma ake kira da sunansa. Wannan haɗuwa ba ta yin sauri sai zafin saman naman ya kai wajen digiri 140 zuwa sama. Ruwa kuwa yana tafasa ne a digiri 100, kuma muddin akwai danshi a kan fata, duk zafin da ya iso gare ta yana ƙarewa ne wajen mayar da danshin tururi, fatar ba za ta wuce digiri 100 da wani abin kirki ba ko da tanderun yana kan 200. Zafin da ake buƙata domin a ƙafar da ruwa ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata domin a ɗaga wannan ruwan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa, shi ya sa kofi ɗaya na ruwa a cikin rufaffiyar tukunya ba ƙaramin cikas ba ne.

A tukunyar ƙanwata ruwa ya taru daga wuri huɗu: wanda yumɓun ya sha, kofin da ta zuba, wanda albasa da karas suka saki (kusan kashi tara cikin goma na nauyin albasa ruwa ne), da wanda kazar kanta ta fitar. Idan an bi ƙa'ida, na farkon ne kawai ake so a farkon aiki, kuma shi yana ƙarewa da kansa: yumɓun yana bushewa a hankali, murfin ya yi zafi sosai, ya fara gasa saman kazar daga sama, har fata ta ɗan canja launi tun ba a buɗe ba. A nan kuwa ba a taɓa kaiwa wannan mataki ba. Daga farko har ƙarshe turara kazar aka yi, kuma da an bar ta awa huɗu a haka, fatar ba za ta wuce launin da ta gani a leƙawar farko ba. Ƙanwata ta tsaya jiran alamar da yanayin cikin tukunyar ya riga ya hana ta bayyana.

Dalilin da ƙirjin ya bushe

Nan ne asalin lamarin yake. Ɗanyen naman ƙirjin kaza kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne, kuma ruwan yana riƙe ne a tsakanin zaruruwan tsoka. Idan zafin cikin naman ya haura digiri 60, waɗannan zaruruwa suna fara ƙanƙancewa, suna matse ruwan da ke tsakaninsu zuwa waje kamar yadda ake matse jiƙaƙƙen zane. Gwargwadon hawan zafin, gwargwadon ƙarfin matsewar. Ruwan da aka matse ba ya komawa, ko da naman yana nutse a cikinsa, domin zaren da ya ƙanƙance ba shi da sauran wurin ajiye shi. Saboda haka romon da ƙanwata ta gani a gindin tukunya, wanda ta ɗauka shi ne shaidar cewa naman bai bushe ba, wani kaso nasa daga ƙirjin kazar ya fito. Duk wanda ya taɓa cin ƙirjin kazar da ta daɗe tana tafasa a miya ya san wannan bushewa ta cikin ruwa.

Akwai wani abu kuma da ke ƙara dagula lissafi, wato tururi ya fi busasshiyar iska saurin isar da zafi cikin nama. Mutum yana iya zura hannu cikin tanderu mai digiri 200 na daƙiƙa biyu ko uku ya fito lafiya, amma tururin bakin butar shayi, wanda bai wuce digiri 100 ba, yana tayar da bororo nan take, domin idan tururi ya sauka a kan abu mai sanyi ya koma ruwa yana sakin duk zafin da ya ɗauka. Yumɓu yana jinkirta farkon dahuwa, tunda ba ya isar da zafi da sauri kamar ƙarfe kuma an fara daga tanderu mai sanyi, amma da zarar ciki ya cika da tururi, kazar tana nuna da hanzari. A ƙiyasina, a lokacin leƙawar farko ƙirjin ya riga ya nuna ko yana gab da nuna, kuma awa ɗayan da aka ƙara ta kai shi kusa da zafin tafasar ruwa.

Abin lura shi ne cinyoyin sun yi daɗi, har mijinta ya ce su bai ga laifinsu ba. Wannan ba abin mamaki ba ne. Cinya tsoka ce mai aiki, tana da kitse da yawan farar jijiya mai ɗauke da kolajin, kuma kolajin yana narkewa ya koma jelatin idan ya daɗe a zafi mai danshi sama da digiri 70, ya ba naman santsi da laushi. Ƙirji ba shi da wannan kariya. Kaza ɗaya tana ɗauke da nama iri biyu masu buƙata daban: ƙirji yana so a tsaya da zarar ya kai matakin da ba shi da haɗari, cinya kuwa ta fi daɗi a wajen digiri 80 zuwa 85. Matakin da hukumomin kula da lafiyar abinci, irin su ma'aikatar noma ta Amurka, suka tsayar ga naman kaji shi ne digiri 74 a wuri mafi kauri, domin a nan ƙwayoyin cuta irin su salmonela da kamfilobakta ke mutuwa nan take. Tsakanin 74 da 90 babu wani ƙarin tsaro da ake samu, ruwan nama kawai ake asara.

Tsagewar tukunyar

Wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Yumɓu ba ya lanƙwasa, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri. Da gindin tukunya mai zafi ya taɓa dutse mai sanyi da danshi, fatar wajen ta huce ta ƙanƙance cikin daƙiƙoƙi alhali cikin yana nan a buɗe da zafinsa, sai jan da ke tsakaninsu ya raba ta. Dalili ɗaya ne ya sa ake hana saka ta a tanderun da ya riga ya yi zafi, ko zuba mata ruwan sanyi tana tsakiyar aiki, ko ɗora ta kai-tsaye a kan harshen wuta idan ba don haka aka yi ta ba. Da na je na ɗaga gindin na ƙwanƙwasa shi da bayan cokali, sai ya ba da amo a dushe, ƙwaf, maimakon ƙarar nan mai tsawo da lafiyayyen yumɓu ke yi. Murfin kuwa ya amsa da kyau. Muka cika gindin da ruwa muka ɗora a kan busasshiyar takarda, kafin minti biyar takardar ta jiƙe a layi ɗaya siriri. Ban ba ta shawarar liƙe shi da gam ba, domin ban yarda da gam a wurin da zai haɗu da zafin tanderu da abinci ba.

Gwaji na biyu

Bayan mako guda na kawo tawa tukunyar, wadda girmanta ɗaya da tata, muka sake da kaza mai kusan nauyin ta farko, a tanderunta, domin kada a ce bambancin na'ura ne. Tun daren jiya na sa ta shafe kazar da gishiri, kimanin ƙaramin cokali biyu, ciki da waje da ƙarƙashin fatar ƙirji, ta ajiye ta a firji a buɗe a kan faranti, a can ƙasa inda ba za ta ɗiga kan wani abinci ba. Gishirin yana ratsa naman cikin dare ya taimaka masa riƙe ruwansa a wuta, iskar firji kuma tana busar da fata. Na hana ta wanke kazar a famfo. Ta yi gardama a kan wannan, kuma na fahimci dalilinta, amma wanki ba ya kashe ƙwayar cuta, fantsama ta yake yi kan kwanuka da teburi. Wuta ce ke kashe ta. Goge ta da takardar kicin ya wadatar.

Da safe fatar ta yi ɗan tauri tana sheƙi kamar takardar mai. Muka shafa mata mai kaɗan. Albasa ɗaya kawai muka yanka manya-manya muka shimfiɗa a gindi domin ta ɗaga kazar daga romon da zai taru, muka saka rabin lemun tsami da tafarnuwa a cikin kazar, dankalin kuma aka gasa shi daban a faranti. Ba mu zuba ko ɗigon ruwa ba. Ƙanwata ta tsaya da kofi a hannu tana cewa, "Yaya, wallahi zai kama," na ce mata ta ajiye, idan ya kama ni zan kankare. Na auna tukunyar a sikeli kafin jiƙawa da bayan minti 15 a ruwa, ta ƙaru da kimanin giram 200, wato kusan kofi guda na ruwa yana cikin yumɓun tun kafin a saka komai.

Muka saka a tanderu mai sanyi, a tsakiya, muka saita digiri 220. An fi son zafi mai ɗan yawa ga wannan tukunya fiye da na gashin faranti, tunda yumɓun da ruwansa suna tare wani kaso. Abin da ya bambanta wannan gwaji da na farko fiye da komai shi ne ma'aunin zafin nama, ɗan tsinken ƙarfe mai agogo a kai. Bayan awa ɗaya cif muka jawo tukunyar, na ɗaga murfin ta gefen da ke nesa da fuskata domin tururin ya fita can, na ɗora shi a kan busasshen tawul. Fatar ta yi launin ƙasa-ƙasa mai haske a saman ƙirji, gefuna kuwa fari. Ma'aunin ya nuna 59 a tsakiyar ƙirji, 67 a cinya, inda aka soka shi ba tare da ya taɓa ƙashi ba. A gindi akwai romo mai kaurin yatsa ɗaya, kitse yana yawo a samansa, kuma babu abin da ya kama.

Daga nan ba mu mayar da murfin ba. Wannan shi ne mataki na biyu da aka tsallake a ranar farko, kuma a ganina shi ne rabin aikin: tukunyar tana turarawa da murfi, tana gasawa babu murfi, kuma mai girki ne ke yanke lokacin da za a tashi daga wannan a koma wancan. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da ya rage wa ƙirji kimanin digiri 15 ya kai, domin fata ta samu minti 15 zuwa 20 na busasshen zafi ba tare da naman ƙarƙashinta ya wuce ba. Cikin minti goma muka fara jin kitse yana tsartsatsi, fatar ta kumbura a wurare ta yi ja. A minti 20 ƙirji ya kai 74, cinya 83. Jimillar lokacin awa ɗaya da minti 20 ke nan, kusan awa guda ƙasa da na ranar farko.

Muka sauke tukunyar a kan katakon yanka mai kauri da aka shimfiɗa wa tawul, kuma nan take muka ciro kazar zuwa faranti. Barin ta a ciki kuskure ne da ba a cika lura da shi ba, domin yumɓu yana riƙe zafi na dogon lokaci kuma zai ci gaba da dafa ta bayan an kashe wuta. Ta huta minti 15 a buɗe kafin a yanka. Da wuƙa ta shiga ƙirjin, yankan ya fito sumul, da danshi a fuskarsa, kuma ruwan da ya zubo kan faranti bai fi cokali biyu ba. Ƙanwata ta danna yanki ɗaya da yatsa ta ga ruwa ya taso, ba ta ce komai ba, ta kai baki.

Abin da bai gyaru ba

Ba zan ce tukunyar ta yi duk abin da ake yabonta da shi ba. Fatar bayan kazar da ta ƙasan cinyoyi, waɗanda ke fuskantar gindi da bangon tukunya, sun kasance da laushi kuma ba su yi ja ba, domin bangon yana tare busasshiyar iska daga isa gare su. Ta saman ma, duk da kyan launinta, ba ta kai ƙarau ɗin kazar da aka gasa a buɗaɗɗen faranti tun daga farko ba, kuma ta fara saki bayan rabin awa a teburi. Wanda fata ce burinsa, faranti ya fi masa. Abin da yumɓun ya bayar shi ne cinya mai laushi har ƙashi, romo mai kauri wanda ya daskare kamar jeli da ya kwana a firji, da tanderun da bai ɓaci da fantsamar mai ba. Ina kuma ganin ya fi dacewa da kaza mai ɗan shekaru da tauri fiye da ƙaramar kazar gona mai taushi, wadda ba ta da jijiyar da ke buƙatar dogon tururi.

Wankin tukunyar ya jira har ta huce gaba ɗaya. Ruwan ɗumi da buroshi muka yi amfani da su, da ɗan bekin soda a inda maiƙo ya liƙe, ba mu sa sabulu a ɓangaren da ba shi da shafen gilashi ba, domin ramukan da ke shan ruwa suna shan sabulu su mayar da shi cikin abinci na gaba. Muka bar gindi da murfi a rabe a wuri mai iska kwana biyu, saboda yumɓun da aka rufe da danshi yana yin fumfuna. Da ƙanwata ta tashi sayen sabon gindi na ja hankalinta ga abu ɗaya: idan cikinsa yana da shafen gilashi, ta tabbatar an rubuta cewa na abinci ne kuma babu dalma a cikinsa, tunda wasu kayan yumɓu na ado suna da ita, kuma abu mai tsami kamar lemun tsami yana jawo ta cikin abinci. Ta samu gindin da ya dace da tsohon murfinta, sai dai akwai 'yar tazara a gefe ɗaya da tururi ke fita, don haka a tukunyarta yumɓun yana bushewa da wuri, kuma a gashinta na gaba ta tarar da ƙirji a digiri 59 tun a minti 55.